Motar Samran da Ruwan Roba

Motar Samran ta fara ƙin shiga giya ta uku ne a ƙarshen damina, lokacin da itatuwan roba suka fi ba da ruwa. Tsohuwar a-kori-kura ce fara, irin mai canza giya da kanta, wadda ya saya a hannun wani malamin makaranta da ya yi ritaya a Wang Saphung. Ba don yana son irinta ya saya ba, gwiwarsa ta hagu ce ta daina jure taka kuloci. Mutanen Ban Huai Tat sun yi masa dariya, suka ce ya sayo motar matan birni. Dariyar ba ta daɗe ba, don kafin shekara ta zagayo shi ke kwasar robar ƙauyen gaba ɗaya zuwa wurin awo.

Da wannan aikin yake riƙe gidansa, gonarsa kuwa ba wata gona ba ce. Sau biyu a wata masu gonaki sukan ɓanɓaro curin roba daga kofunan da ke rataye a jikin itatuwa, su cusa a buhuna. Samran ya bi gida-gida ya loda, ya gangara da su daga kan tudu zuwa filin da 'yan kasuwa ke kafa sikeli a bakin titi. Da nauyi ake sayen roba, kuma curin da bai bushe ba ya fi nauyi. Motar da ta tsiyayar da ruwan roba a hanya, haƙƙin mutane ta tsiyayar. Ta Samran ba ta tsiyaya. Tun ranar da ya sayo ta ya sami tsumma da danƙo ya toshe ramukan da masu ƙera ta suka bari a ƙasan bodi don ruwa ya fita, ya shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a kai. Buhuna su yi ta zama cikin ruwansu har su isa sikeli. Saboda haka aka ba shi aikin, saboda haka kuma ya daɗe a hannunsa.

Da farko abin bai dame shi ba. Mota ta tashi da ta ɗaya, ta shiga ta biyu, sai ta maƙale a nan, inji na ihu kamar aladen da aka ɗaure za a kai kasuwa, ita kuwa ba ta ƙara sauri. Wani lokaci ta yi ta jan rai, sannan ta faɗa ta uku da ƙarfi har ƙeyar mutum ta bugi kujera. Wata 'yar fitila a gaban sitiyari ta riƙa ƙiftawa. Samran ya liƙa mata baƙin salatif ya huta. Birki ma ya fara laushi. Inda a da yake ɗan taɓawa mota ta ji, yanzu sai ya tura ƙafa rabi. Yakan ƙara man birki duk mako, bai kuma taɓa tambayar kansa inda man yake tafiya ba.

Ranar awon da ta wuce ne abin ya girma. Yana gangarowa da lodi, matarsa Bualoi a gefensa, wasu mata biyu sun hau kan buhuna a baya, har ya iso kwanar da ke ƙasan haikali. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta gamu da komai ba. Ya ɗaga ya sake takawa, ya sake, da ƙyar ya ɗan kama. Ya jawo sandar giya ƙasa, motar ta yi banza da shi. Ya finciki birkin hannu. Suka tsaya da tayoyin gaba a cikin gonar rogon wani. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai ɗaya daga cikin matan ta rasa takalmi ƙafa ɗaya.

Da la'asar Inna Thongbai ta zo gidansa. Ita ce shugabar ƙungiyar masu roba, tsohuwa gajera wadda ba ta ɗaga murya. Ba ta hau sama ba, ta zauna a kan gadon gora da ke ƙarƙashin gidan, wanda aka gina a bisa turaku. Ta ci ɗan dakakken gwandan da Bualoi ta ajiye mata, ta tambayi lafiyar 'yarsu Dao da ke aiki a Bangkok, sannan ta juyo gare shi.

"Ɗana, motar nan taka ta tsufa ko?"

"Da sauran ƙarfinta, Inna. Ɗan gyara ne kawai."

"To a gyara. Ni ban san gaban mota da bayanta ba. Amma matan nan sun ce ba za su ƙara hawa ba, ba kuma za su ɗora robarsu ba sai sun ga ta warke. Wirot ya sayo sabuwa, ai ka gani."

Wirot mijin 'yarta ne. Samran ya gani.

"Awo mai zuwa," in ji ta, tana laluben takalminta da ƙafa. "In ta yi lafiya, aikinka ne kamar kullum. In ba ta yi ba, ba na so mu ji kunyar juna."

Washegari ya lallaɓa da motar zuwa garejin Piak, yayan Bualoi, uwa ɗaya uba ɗaya. Rumfar kwano ce a bakin titi, da ramin duba ƙasan mota ɗaya da tsohon kare. Piak bai taɓa ganin Samran ya isa auren ƙanwarsa ba, kuma shekarun da suka wuce ba su sauya masa ra'ayi ba, sun dai sa ya saba.

"Ga motar uwargida ta iso," in ji Piak daga ƙarƙashin wata tarakta. "Me ya same ta? Farce ya karye?"

"Yaya, fito ka duba. Ba ni da lokacin wasa."

"Kai ka taɓa samun lokacin wani abu? Kashe ta. Warin nan zai kore min kare."

Ya fito yana goge hannu. Ya sa Samran ya sake tayar da ita, ya zaro sandar auna man giya, ya shafa a farin tsumma, ya kai hanci.

"Ya yi duhu, amma bai yi ƙauri ba. Ba ka ƙona ta ba tukuna. Yaushe rabonka da canza shi?"

"Malamin da ya sayar min ya ce ya canza."

"Malamin da ya mutu aka ƙone gawarsa tuntuni, har tokarsa ta bi kogi? Madalla."

Suka sauke man, suka kwance farantin da ke ƙasan giya. Piak ya murza laƙar da ta kwanta a ciki tsakanin yatsunsa yana neman ɓurɓushin ƙarfe, bai samu ba. Ya sa sabuwar matatar mai da sabon mai. Sannan ya koma kan birki. Ya cire tayoyin huɗu. Takalman birki sun ci rabi, da sauransu, kuma babu yoyo a ko wace taya. Ya sauya robobin tukunyar birki don ya ce sun yi shekarun da ya kamata su mutu. Ya zaunar da Samran a kujerar direba, shi kuma ya durƙusa a bayan taya da sifana da 'yar kwalba.

"Taka. Taka. Riƙe. Na ce riƙe, ba rawa ba. Saki."

Iska ta riƙa fita tana tofi cikin kwalbar. Da suka gama, birkin ya yi tauri kamar dutse. Suka fita gwaji har mararraba suka dawo. Motar ta shiga ta uku ta shiga ta huɗu ba a ko ji ba. Samran ya ɓare salatif, fitilar ba ta ƙifta ba.

"Ta warke," in ji shi.

"Ban gyara komai ba," in ji Piak. "Mai na canza. Motar da ta warke ban san abin da ya same ta ba, ba warkewa ta yi ba, barci take yi. Man birkin da kake zubawa duk mako, ina yake tafiya? Sha kake yi?"

"Kai dai ba ka son a gode maka."

Ya tafi. Kwana biyu motar tana tafiya kamar sabuwa. A na ukun ya je ya ɗauko robar wani tsoho da gonarsa ke can bayan tudu, wanda ba ya iya saukowa ranar awo, ya bar buhunan suka kwana a bodi. Da safe ya tayar da mota zai je sayen abincin kaji, ta maƙale a ta biyu, fitila ta dawo da ƙiftawarta, birki ya sake yin laushi. Bai sauke buhunan ba, ya juya kai tsaye zuwa gareji.

"Ka ɓata min yini guda a banza," in ji shi tun bai fito ba.

Piak yana zaune yana cin shinkafa mai danƙo da gasasshen kifi. Bai tashi ba sai da ya cinye lomar da ke hannunsa.

"Me ka ɗauka?"

"Robar Kawu Bunhom."

"Buhu nawa?"

"Ba su fi biyar ba."

"To ba nauyi ba ne. Kafin nan fa, yaushe take yi maka haka?"

Samran ya tsaya tunani, abin da ba ya son yi a gaban surukinsa. "Ranar awo. Da kwana biyu bayan awo."

"Sauran kwanaki?"

"Wani lokaci ba ta yi."

"Hau da ita kan rami."

Ƙasan motar laka ne kawai, ta shekara da shekaru, ta bushe ta sake jiƙa. Piak ya jawo mesar wanki mai ƙarfi ya yi ta fesa har jan ruwan ya koma fari. Ya shiga ramin da fitila. Samran na tsaye a sama yana jin ƙarar sifana tana bin ƙarfe daga gaba zuwa baya. Can ƙarar ta tsaya.

"Sauko."

"Ka san gwiwata."

"Sauko da ɗayar."

Ya sauka a hankali yana dafa bango. Piak ya haska dogon ƙarfen da bodi ke zaune a kai. A jikinsa bututun birki ya miƙe, siriri bai kai ɗan yatsa ba, kusa da shi kuma ga damin wayoyi. Daga gaba har baya lafiyarsu ƙalau, sai wuri ɗaya da bai fi tafin hannu ba, daidai ƙarƙashin kusurwar bodi ta gaba. A nan bututun ya kumbura da tsatsa, yana naso da mai. Mahaɗin wayoyin kuwa ya yi kore shar kamar gansakuka.

"Wannan wayar ita ke gaya wa giya irin gudun da taya take yi," in ji Piak. "In ta jiƙe, giya ta makance. Ba ta san ko gudu kake ko tsaye kake ba, sai ta zauna a ta biyu ta jira. In ta bushe hankalinta ya dawo. Wancan kuma birkinka na baya ne. Ciwo biyu, wuri ɗaya. Kawo hannunka."

Ya kama hannun Samran ya riƙe a ƙarƙashin kusurwar. Ba a jima ba ɗigo ya faɗo, mai kauri, mai wari, ya sami wani ɗan yanka da ke bayan hannun ya yi masa raɗaɗi. Samran ya janye.

Suka fito suka sauke buhunan Kawu Bunhom, suka naɗe tabarmar. Ba a taɓa ɗaga ta ba tun ranar da aka shimfiɗa ta. Ƙasan bodin ta baya da sauran fenti. Ta gaba kuwa, inda ruwa ke taruwa duk lokacin da mota ta sa kai gangara, ƙarfen ya zama kamar rariya. Piak ya danna da babban yatsa, yatsan ya wuce.

Ba sai an yi wa Samran bayani ba. Duk mai gona yana ɗiga asid a kofi don roba ta daskare da wuri. Kowa ya san abin da ruwan yake yi wa farcen mata da kwaltar hanya. Ba wanda ya taɓa tunanin abin da yake yi wa ƙarfen da ya kwana a kai.

"Wane gwani ne ya toshe waɗannan?" in ji Piak yana nuna ramukan da bakin sifana.

"Ka sani."

"Na sani. So nake in ji daga bakinka."

"Yi min walda a wurin, ka sa sabon bututu da sabuwar waya. Yau nake so."

"Sannan?"

"Sannan in mayar da tabarmata."

Piak ya zauna a kan wata tsohuwar taya. "Walda ita asid ke fara ci. Damina ɗaya, ta ɓule. Wannan karon a nan ya ɗiga, na gano. Wani karon a ina zai ɗiga?"

"In shimfiɗa tamfol."

"Yaranku da ƙugiya suke jan buhu. Lodi nawa tamfol zai yi?"

"To a yi min faranti na ƙarfen da ba ya tsatsa."

"Sayar da motar, ka cika, ka sayi farantin. Sai ka ɗora a ka."

Samran bai yi dariya ba. Piak ma bai yi ba.

"Ga abin da zan yi," in ji Piak. "In sa bututu, in sa waya, in yi walda. In buɗe ramukan baya, in sa mesa, in rataya jarka a ƙasa don kada ka ɓata wa mutane hanya 'yan sanda su tare ka. Ruwa ya fita tun bai zauna ba. Ka dawo ka wanke ta duk ranar awo."

"In ruwa ya fita ai aikin ya fita."

"Wannan tsakaninka ne da Inna Thongbai."

"Kai ba ka da roba, shi ya sa."

"Ba ni da roba. Ƙanwa gare ni, kuma ita ke zama a gaba. In za ka toshe, ba da hannuna ba. Akwai gareji a Wang Saphung, ba su san ta ba, za su yi maka yadda kake so."

Samran ya bar motar a kan rami ya hau bayan babur ɗin wani ya koma gida. Ya tarar da Bualoi tana zare furanni a zare. Tun ranar gonar rogo take cewa uwar mota, aljanar da ke tsare abin hawa, ita ce ta yi fushi, don an daɗe ba a rataya mata fure ba, ga wari da ake ɗora mata. Ya zauna ya gaya mata abin da aka gani. Bai rage ba, bai ƙara ba. Ba ta daina aikinta ba.

"Yayanki ya ce sai an buɗe."

"Na ji."

"In aka buɗe, Wirot zai karɓe aikin."

"Wataƙila."

"Ba za ki ce komai ba?"

"Baban Dao, kai ka toshe, ban ce komai ba. Duk ƙauyen nan mun ci daga toshewar, har da ni. Yanzu ka toshe ko ka buɗe, motarka ce." Ta ciji zaren ta tsinke shi. "Ni dai in ka kai ta Wang Saphung, babur zan riƙa hawa ranar awo. Kuma zan gaya wa matan dalili, don in ban faɗa ba aka yi asarar rai, ba zan iya shiga haikali ba."

"Wato kin zaɓa."

"Ban zaɓa maka ba. Na gaya maka inda zan zauna."

Ya tashi ya zagaya bayan gida ya ba kaji abinci, ko da yake an riga an ba su. Ya yi lissafin abin da zai yiwu. Zai iya kai ta birni a liƙe, ya yi damina ɗaya, wataƙila biyu. Zai iya hana kowa hawa baya, ya riƙa gangarowa shi kaɗai. Ya tuna yadda ƙafarsa ta tafi har ƙasa a kwanar haikali. Ba tsoro ne ya fi damunsa ba a lokacin, haushi ne, cewa ya ba mota umarni ta ƙi ji. A ƙasan kwanar nan kuma akwai rumfar mai sayar da taliya, kullum da mutane a zaune.

Da sassafe ya isa gareji tun Piak bai buɗe ba. Ya ɗauki guduma da ƙusa mai kauri ya hau bodin, ya fitar da toshiyar ɗaya bayan ɗaya. Tsumman sun ruɓe, danƙon ya yi tauri. Piak ya fito da kofin kofi a hannu ya tsaya yana kallo.

"A hankali, kada ka ƙara min wani ramin."

"Yi aikinka."

Aikin ya cinye yinin. Piak ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ya liƙa sabo, ya lanƙwasa sabon bututu ya bi da shi, ya yanke mahaɗin wayar ya haɗa wani ya naɗe shi da kyau, ya matsar da shi daga ƙarƙashin kusurwar. Suka sake fitar da iskar birki. Ya ɗan ɗaga gaban bodin da guntayen katako don ruwa ya riƙa gangarawa baya, ya rataya shuɗiyar jarka a bayan taya.

Ranar awo Samran ya bi gidaje kamar kullum. Ya gaya wa kowa motar ta warke, aka yarda da shi, don an ga Bualoi a gaba da furanninta a jikin madubi. Game da jarka bai ce komai ba, ba wanda kuma ya tambaya. Aka loda har buhuna suka wuce rufin. Inna Thongbai da kanta ta ce za ta hau, Bualoi ta matsa mata.

Motar ta tashi, ta shiga ta biyu, ta shiga ta uku a daidai inda ya kamata. A kan gangara ya jawo sanda ƙasa, ta amsa nan take, inji ya riƙe lodin. A kwanar haikali ya taɓa birki kaɗan, ta ji.

"Ai kuwa ta warke," in ji Inna Thongbai. "Piak yana da hannu."

"Yana da baki ma," in ji Bualoi.

A filin awo masu ɗauka suka fara jan buhuna da ƙugiya. Na ƙasa, waɗanda a da sukan fito suna zubar da ruwa, suka fito da danshi kawai. Matar da aka fara auna nata ta dubi allurar sikeli, ta dubi ɗan kasuwan, ta ce sikelinsa ya lalace. Ya ce sikelin jiya ne, shi ne na shekaranjiya. Ta biyu ma ta yi ƙorafi. Sai wata ta sunkuya ɗaukar hularta da ta faɗi, ta hangi jarkar, cike har wuya, mesa na ɗiga a ciki.

Suka taru a bayan motar. Ba wadda ta yi hayaniya. Wata ta ce a kwance a zuba a kan sauran buhunan.

"Ku zuba, Gwaggo," in ji ɗan kasuwan daga inda yake zaune. "Ina kallo. Buhun da aka yi wa wanka a gabana, rabin farashi ne."

Inna Thongbai ta sa aka kwance jarkar. Ta gwada ɗagawa da hannu ɗaya ta kasa, ta sa biyu. Ta ajiye ta goge hannu a zanenta.

"Ɗana, wannan fa?"

Samran ya gaya mata. Ya nuna mata sabuwar waldar, ya ɗauko guntun tsohon bututun da ya ajiye a ƙarƙashin kujera ya miƙa mata. Ta juya shi a hannu, tsatsa ta zuba mata a tafi. Ta miƙa wa ta kusa da ita, ya zagaya hannun matan ya dawo.

"Ashe Allah ne ya tsare mu," in ji wadda ta rasa takalmi.

"Haka ne," in ji wata. "Amma ni robar da na tara ba haka nauyinta yake ba."

Aka ci gaba da awo. Samran ya taimaka aka sauke sauran, ya jingina da ƙofar mota yana jira. Ya ga matan sun koma gindin bishiyar tsamiya da Inna Thongbai, ba su daɗe ba. Ta dawo ita kaɗai.

"Ka yi abin kirki," in ji ta. "Ba wanda zai ce ba ka yi ba. Kowa ya ga motarka ta yi lafiya."

"Kin ce in ta yi lafiya aikina ne."

"Na faɗa." Ta dubi ƙasa. "Awo mai zuwa Wirot zai taimaka maka. Kayan sun yi wa mota ɗaya yawa."

Kayan ba su taɓa yi wa mota ɗaya yawa ba. Ya haɗa tafukansa ya ɗaga mata don girmamawa, ta amsa, ta wuce.

Wirot yana can gefe da sabuwar motarsa, ya zo kallon farashi. Samran ya taka har wurinsa, ya leƙa bodin. Da sabuwar tabarma a shimfiɗe. Ya ɗaga gefenta. An riga an toshe ramukan, da farin gam na kanti, aiki mai tsabta.

"Kawu, lafiya?" in ji Wirot.

"Bututun birkinka ta wane gefe ya bi?"

"Ban sani ba. Sabuwa ce ai."

"Ka sani. Ka riƙa ɗaga tabarmar nan kana dubawa. Kada ka ɗauki mutane a baya."

"To, Kawu. Na gode." Ya yi murmushin da ake yi wa manya.

Samran ya koma ya mayar da jarkar mazauninta bayan ya juye ta a ramin da 'yan kasuwa suka haƙa don zubar da ruwan roba. Ya shiga mota. Bualoi na ciki tana jiransa, Inna Thongbai kuwa za ta koma da surukinta. Ya tayar, suka hau titi.

"Sun karɓe aikin?" in ji ta.

"Sun karɓa."

 Da suka kusa mararraba ta ce ɗan ƙanin babanta da ke Nong Hin yana neman mai kai masa rogo wurin shanya, daga yanzu har rani.

"Rogo ba ya biya kamar roba," in ji ta.

"Na sani. Yana gida yau?"

"Da rana yakan dawo cin abinci."

Ya kunna fitilar kwana ya juya hagu.